Kafin Tsuntsaye Su Tashi

"Ba zan bar 'yata a Arewa ba. Na faɗa, kuma ba na so a sa ni in maimaita."

Da wannan maganar Papa Nwankwo ya rufe zancen, ya jawo kwanon ruwa ya wanke hannu. Ranar Lahadi ce, dawowarsu daga coci ke nan, ga teba da miyar agushi a gabansu tana tururi, amma babu wanda ya ƙara kai hannu.

'Yarsa Chinelo ta sunkuyar da kai.

Ba yarinya ba ce da za a ce an yi mata tsawa ta yi shiru. Shekarunta ashirin da shida, malama ce a wata firamare a Jushi, kuma a nan Sabon Garin Zariya aka yanke cibiyarta. In tana Hausa daga bayan labule, ba mai cewa 'yar ƙabilar Ibo ce. Amma ita kaɗai ce wa iyayenta, kuma tunda take ba ta taɓa ɗaga murya a gaban mahaifinta ba.

Shi Papa Nwankwo ya haura shekara talatin yana sayar da kwanon rufi da ƙusoshi a kasuwar Sabon Gari. Tun rikicin Kaduna na shekarar dubu biyu, wanda ya ci ƙanensa Ogbonna, zuciyarsa ta fita daga Arewa. Ya yi ta gini a ƙauyensu kusa da Awka har ya kammala. Yanzu ya sayar da shago, ya ce da an yi bikin Ista za su ɗaure kaya.

Kuma ya riga ya yi wa Chinelo miji. Callistus, ɗan amininsa ne, a Basawa ya girma, yanzu yana da babban kantin magani a Onitsha. Abin da ya fi damun Chinelo shi ne ba ta da abin da za ta kushe shi da shi. Mutum ne mai sanyin hali, mai ladabi, ko kallon banza bai taɓa yi mata ba. An ce Asabar ɗin bayan Ista danginsa za su zo neman aure.

Mahaifiyarta ta tattara kwanuka. Chinelo ta shige ɗaki, ta kifa fuska a filo, ta yi kuka har kanta ya fara sara.

Wanda take yi wa kukan kuwa yana can kan duwatsun Jos, bai san abin da ake ciki ba.

Mordecai ɗan Bomo ne, Bahaushe Kirista, maraya da uwarsa ta rene shi da noman masara. Ya karanci ilmin dabbobi a jami'ar da ke Samaru, yanzu yana digiri na biyu a kan tsuntsaye. Kowace bazara sai ya tafi wani gandun daji da aka killace a kan tudu, inda ba a farauta ba a saran itace, don a lokacin ne tsuntsayen da suka zo daga Turai suke taruwa za su koma gida.

Ta yi ta kiran wayarsa ana cewa ba a samunsa. Daga ƙarshe ta tura masa saƙo gajere, ta ce in yana son ya ƙara ganinta a matsayin budurwa, ya sauko. Sai da ta fara fid da rai sannan amsa ta shigo. Ya ce sai ya hau wani dutse ake samun sabis, yanzu ya gani, yana hanya.

*

A bakin dam ɗin Bomo suka haɗu, bayan la'asar. Zafin bazara ya kai inda ya kai, ruwan ya janye ya bar taɓo a tsattsage, masu lambu suna ta jan guga a kan sauran tumatirinsu.

Tun daga nesa ta hango shi a gindin mangwaro. Ya rame, ya yi baƙi, leɓensa ya farfashe, madubin hangen nesansa na rataye a wuya kamar kullum. Duk faɗan da ta shiryo a hanya sai ya narke, ta ji tausayinsa ya rufe ta.

Ya shimfiɗa mata hankicinsa a kan saiwar itacen. Ya ga idanunta sun kumbura, sai ya rasa ta inda zai fara. Shi kuma in ya rasa abin faɗa, zancen tsuntsaye yake kamawa.

Ya ba ta labarin yadda bana suka yi yawa a kan tudun. Da asuba kazar dutse ce ke tashinsu, da yamma tsattsewa su cika sararin sama har mutum ya gaji da ɗaga kai. Ya ce akwai wani ɗan jan tsuntsu da ba a samunsa sai a tsakanin irin waɗannan duwatsun, kuma bana ya ga mace da namiji suna ɗaukar ciyawa a baki. Ya ce sun kafa raga mai laushi sun kama wani ɗan mitsitsi, wanda bai fi kwalin ashana nauyi ba, da zobe a ƙafarsa da aka sa masa a wata ƙasa mai nisa. In ka hura gashin cikinsa sai ka ga kitse rawaya ya taru a ƙarƙashin fata, guzurinsa ke nan na ƙetare hamada.

"Da na riƙe shi a tafin hannuna," in ji Mordecai, "na ji zuciyarsa na bugawa da sauri, sai na tuna ki. Na ce ina ma Chinelo na nan ta sake shi da hannunta."

Hawaye suka zubo mata.

"Kai kana can kana ƙirga tsuntsaye, ni nan ana ƙirga mini kwanaki."

Ya tambaye ta abin da ya faru. Ta kwashe komai ta faɗa masa, da batun shago, da batun ƙaura, da Asabar ɗin da aka sa. Tana magana tana share fuska da gefen ɗankwalinta. Ta ce ta roƙi Papa, ta durƙusa, ta ce masa Mordecai ma Kirista ne, ba ya shan komai, ba ya yawo. Papa ya ce shi ba addininsa ne ya dame shi ba, ƙasar da zai ajiye ta ce.

Mordecai ya ciro madubin daga wuyansa ya ajiye a kan ciyawa.

Ya ce shi ma ya zo da labari, amma yanzu ya rasa ko na daɗi ne. Masu kula da gandun sun ba shi aiki na dindindin, har da ɗaki biyu a gindin tudun. Akwai makarantar ƙauye a kusa da ke neman malama. Duk hanya yana ta murna shi kaɗai a mota.

"Amma zan bar shi," ya ce. "Zan bi ku Kudu. Ko wace sakandare ce zan koyar. In ƙasa ce matsalar Baba, to na bar ƙasar."

Ta ɗago ta dube shi sosai. Ta san ba faɗa kawai yake yi ba, zai aikata.

"Ba za ka yi ba."

"Chinelo, tsuntsaye ne fa. Ke kuma mutum ce."

"Na san ka," ta ce. "Za ka bi ni, ba za ka taɓa yi mini gori ba. Amma wata bazara zan farka in gan ka tsaye a taga kana kallon sama, ka yi tsit, in san ni na jawo. Wannan ba zan iya ɗauka ba. Ga kuma Mamanka, wa za ka bar wa ita a Bomo? Kuma ni ma wa ya gaya maka ina son tafiya? Ƙauyenmu sau nawa na je? In na yi magana a can dariya suke yi mini, suna ce mini 'yar Hausa."

Ta fashe da kuka sosai. Bai taɓa ta ba, don masu lambu na kallo, sai dai ya matso ya zauna kusa, ya bar ta ta yi har ya ishe ta. Shi ma idanunsa sun yi ja.

Can wani zalɓe ya sauka a bakin ruwa ya tsaya da ƙafa ɗaya. Mordecai ya ɗauki madubin ya miƙa mata. Ta karɓa, ta kara a idanunta da suka jiƙe, ba ta ga komai ba sai hazo. Ta yi 'yar dariya cikin kuka.

"Gobe zan je wurin Baba," ya ce. "Ni kaɗai. In zai kore ni, ya kore ni ina kallonsa."

*

Washegari da azahar Chinelo ta taso daga makaranta ta iske mahaifiyarta za ta kai abinci shago. Ta karɓi kwandon ta ce za ta raka ta. Uwar ta dube ta, ta gane akwai wani abu, amma ba ta tambaya ba.

Shagon ya zama kamar ba shi ba. An kwashe kwanon rufin da ke jingine a bango, sai tabon tsatsa da ya rage. Papa Nwankwo na zaune a kan benci, Mordecai kuwa na tsugune a gabansa, ya sa farar riga da aka goge, ya cire hula ya riƙe a hannu.

Papa ya ga matarsa da 'yarsa a bakin ƙofa, bai kore su ba. Ya ci gaba da magana da Hausarsa ta kasuwa, a hankali, ba faɗa a cikinta.

Ya ce shi bai tsani Mordecai ba, ya yi bincike, kowa alheri yake faɗa a kansa. Sai ya ba shi labarin yadda ya je Kaduna neman Ogbonna, asibiti bayan asibiti, yana ɗaga mayafi yana dubawa, har ya gane shi ta wani tabon ƙuna da ke hannunsa tun suna yara. Ya ce a motar kaya ya kai shi gida, yana zaune kusa da akwatin tun daga nan har ƙauye.

"Ranar na yi rantsuwa ba zan ƙara ɗaukar jinina a bayan mota ba. Kai kuma ka zo kana ce mini Jos. Jos ɗin da ita ma ta ƙone bayan Kaduna? Ka yi mini alkawari ba abin da zai sami 'yata, in ba ka ita yanzu."

Chinelo ta zuba wa Mordecai ido. A zuciyarta tana roƙonsa ya ce ya yi alkawari, kawai ya faɗa.

Mordecai ya ɗago kai ya dubi Papa.

"Baba, ba zan iya yi maka wannan alkawarin ba. Ƙarya zan yi. Ban san abin da gobe za ta kawo ba, a nan ko a can. Abin da zan iya faɗa shi ne, duk abin da zai same ta sai ya fara bi ta kaina. Kuma ba zan raba ta da ku ba. Duk Kirsimeti zan kawo ta da kaina."

Papa ya girgiza kai, ya ce wannan bai isa ba.

Sai aka ji muryar da ba wanda ya zata. Mahaifiyar Chinelo ce, wadda tun da aka fara zancen ƙaura ba ta taɓa cewa komai ba. Ta ajiye butar ruwan da ke hannunta.

"Papa Chinelo, kana ta maganar jininka. Ebube fa?"

Papa ya juyo ya dube ta.

Ebube shi ne ɗansu na fari, ya rasu bai kai shekara biyu ba, tun kafin a haifi Chinelo. A lokacin ba su da halin kai shi gida, a maƙabartar Kiristoci ta Sabon Gari aka binne shi. Har yau tsofaffin unguwa Mama Ebube suke kiran uwar.

"Duk farkon damina ni nake zuwa in cire ciyawar da ke kansa," ta ce. "Ba ka taɓa tambayata inda nake zuwa ba, ni ma ban faɗa ba. Zan bi ka, don kai ne mijina. Amma in muka kwashe kaf, wa zai san akwai yaro a wurin? Ka bar mini mutum ɗaya a ƙasar nan da zai riƙa leƙa shi."

Papa Nwankwo ya tashi ya fita ta ƙofar baya, ya tsaya ya ba su baya. Chinelo ta ga kafaɗunsa suna motsi, abin da ba ta taɓa gani ba, ko ranar da aka kawo labarin Ogbonna.

Ta bi shi a hankali ta tsaya a gefensa. Akwai wata tsohuwar tsamiya a bayan layin shagunan, kuma a ƙolinta wasu baƙaƙen tsuntsaye masu fari a ciki da dogayen ƙafafu sun sauka suna gyara fukafukai.

"Shamuwa ta iso," Papa ya faɗa, muryarsa a dushe. "Kowace shekara da na gan su nake aika wa a ƙaro kwano, don na san ruwa ya kusa, mutane za su tuna rufinsu na yoyo. Bana sun zo ba ni da abin sayarwa."

Chinelo ta kama hannunsa. Bai janye ba.

Ya share fuska da tafin hannu, ya juya ya kira Mordecai. Ya tambaye shi yaushe zai koma. Mordecai ya ce gobe da safe, don tsuntsayen sun fara tashi, in ya yi jinkiri zai tarar da tudun ya zama wayam.

"To zan bi ka."

Duka suka dube shi.

"Ban ce na yarda ba, kar wanda ya yi murna. Ban taɓa sayen kaya ban gani ba, balle in ajiye 'yata inda ban taka ba. Zan ga ɗakin, zan ga rufinsa, zan ga mutanen ƙauyen, zan ga hanyar da ake fita in abu ya tashi. In ban gamsu ba, ka manta da ita."

Mordecai ya durƙusa har ƙasa ya yi godiya. Papa ya ce ya tashi, yana ɓata farin wandonsa.

*

Da safe Chinelo ta raka su tasha. Papa ya sa tsohon kwat ɗinsa na zuwa coci, don an gaya masa Jos akwai sanyi, ga shi rana ta fara dukan mutane yana ta gumi amma ya ƙi cirewa. Ya yi ta mita a kan tayoyin motar, ya sa aka ba shi kujerar gaba.

Mordecai ya samu ya raɗa mata cewa zai kai shi kan dutse da yamma, lokacin da tsattsewa ke taruwa. Ta ce ya bi a hankali, gwiwar Papa ta hagu ba ta son hawa, kuma kar ya cika shi da surutun tsuntsaye.

Motar na shirin tashi Papa ya leƙo ta taga.

"Nne," ya kira ta da sunan da yake kiranta tana ƙarama, "ki kula da uwarki. Kuma ban ce wa kowa komai ba tukuna. Ki bar bakinki a rufe sai na dawo."

Ta tsaya tana ɗaga hannu har motar ta sha kwana. Ta hau acaba zuwa gida, iska na kaɗa ɗankwalinta, zuciyarta sakayau kamar an sauke mata dutse.

Suna shiga layinsu murmushin ya ɗauke daga fuskarta.

Motar Callistus ce a ƙofar gidansu, jikinta duk jar ƙasar doguwar hanya. Yana tsaye a gefe, da ya gan ta fuskarsa ta washe. Ya ce sun yi sammako ne daga Kaduna inda suka kwana, mahaifiyarsa ta ce ba za ta iya jira har bayan Ista ba, sai ta zo ta ga 'yarta da idonta.

Ya buɗe ƙofar baya. Wata dattijuwa mai fara'a ta sauko da ƙyar, tana dafe da sanda, ɗaya hannun rungume da sabon zane mai tsada a naɗe. Chinelo ta gane ta. Ita ce ta riƙa goya ta a Basawa in mahaifiyarta ta tafi kasuwa.

"Zo nan, matar ɗana," in ji tsohuwar, ta miƙo mata zanen. "Tun kina cikin tsumma na ce ke tawa ce."

Chinelo ta hango mahaifiyarta tsaye a bakin ƙofa, ta haɗa hannuwa a ƙirji. Ta tuna abin da Papa ya ce mata ta tagar mota. Ta dubi Callistus, wanda bai taɓa yi mata komai ba sai alheri, yana jiran ta miƙa hannu.

In ta karɓa, ta yi masa ƙarya a gaban uwarsa. In ta ƙi, ta karya maganar mahaifinta tun motarsa ba ta bar Zariya ba.

Ta durƙusa a kan gwiwoyinta a gaban tsohuwar, ta mayar da hannayenta biyu baya ta riƙe su gam. Hawaye suka gangaro mata.

"Mama, ki yafe mini," ta ce. "Ba zan iya karɓar zanen nan ba. Ku shigo ciki ku sha ruwa, ni da bakina zan gaya muku dalili."